Aya Ba Ta Son Ɗumi

Ku gyara zama, ɗiyana, maganar ba ta tsaye ba ce. Sau uku ke nan kuna zuwa ƙofar gidan nan kuna tambayata wane inji za ku saya, tunda kun haɗa kai za ku buɗe rumfar lemun da ba a dafawa. Kun ce abin ba wuya: a zuba, a danna, a ɗura a kwalba, a jefa firigo. Na ji ku. Shi ya sa yau na zaunar da Hassana, matar autana, kusa da ni da alƙalami, don ni ban shiga lakkol ba, wato makarantar boko, ita kuwa koyarwa take yi a can. Abin da na faɗa ta rubuta, wadda ta manta ta koma ta karanta.

Sunana Dije. A wani ƙauye gefen Kanan-Bakashe aka haife ni, aure ya kawo ni Tasawa, a Tasawa kuma na tsufa ina sayar da kunun aya. Sunansa kunu, amma tun daga buhu har bakin mai sha ba ya ganin wuta.

Aikin farko da aka ba ni tsintar aya ne. Uwar maigidana, wadda nake ce wa Inna, ita ce mai sana'ar. Ban cika wata a gidan ba ta aje mini tiya guda a faifai, ta ce in fitar da tsakuwa da baƙar aya. Na zauna na tsince, na kai mata ina ganin na gama. Ta shimfiɗa tafin hannu a kai, ko dubawa ba ta yi ba, ta shafa sau biyu ta ciro tsakuwa uku. Ta sake shafawa ta ciro aya ɗaya mai duhu-duhu, ta fasa ta da haƙori, ta miƙo mini rabi.

"Tauna."

Na tauna. Ɗaci da warin ruɓa suka cika mini baki.

Ta ce, "To, haka tukunyar duka za ta zama. Koma ki sake."

Wata uku ban yi komai ba sai tsinta da wanki. Aya cikin rairayi take girma, in za a cire ta sai an rairaye ƙasar gona, don haka yashi yana ɓuya a kowane lungu na fatarta. A wanke, a murza, a zubar, a sake, har ruwan ya fito kamar yadda ya shiga. Sannan a jiƙa ta da ruwan randa, a canza ruwan tun bai yi kumfa ba. Wadda ta taso sama ba ta da ciki, a kwashe a ba awaki.

Inna tana da rumfa a kudancin gida, ƙarƙashin dogon yaro, murhu kuma yana can arewa. A rumfar nan ba a hura wuta, ba a shiga da tukunyar miya, ba a shiga da hannun da ya taɓa mai. Turmin aya daban, taɓarya daban, dutsen niƙa daban, ƙorai daban. Randa biyu a binne cikin yashi har wuya, kullum ana yayyafa wa yashin ruwa. Wata rana ina gaggawa na daka barkono da daddawa a turmin aya, na wanke shi tas na kife, na ce ba wanda zai sani. Washegari Inna ta sunkuya ta shinshina, ta mirgina shi da ƙafa har bakin murhu. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ya zama na miya. Ranar Lahadi ki bi ni kasuwa ki ɗauko sabo a kanki." Na kuwa ɗauko shi, wuyana ya kwana uku yana tuna mini.

Niƙa a dutse muke yi, a durƙushe, ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, da dabinon da aka cire wa ƙwallo, da ɗan citta, da kanumfari biyu ko uku. Amma ƙarfin sana'ar a tata yake. Farin ƙyalle mai ƙananan idanu, a zuba ƙullun, a naɗe, a murɗa da hannu biyu har jijiyoyi su tashi. Ruwan farko mai kauri ne, kamar nonon saniyar da ta haihu sabo. A ƙara ruwa a sake murɗawa, a haɗa na biyun da na farin. Na uku tsararo ne, na yaran gida, ba a sayar da shi. In na gama, Inna takan tsinci dusar ta tauna. In ta ji zaƙi ta mayar mini da ƙyallen. In ta tofar ta ce "ƙaiƙayi", to na tace ke nan. Daga nan ta tsoma ɗan yatsa a kunun ta ɗora bisa leɓenta na sama. Kullum sai ta yi haka. Na zaci ɗanɗano take, ban tambaya ba. Har Allah ya karɓi ranta ban tambaya ba.

Masu saye iri-iri ne, kowa da bakinsa. Direbobin tasha sanyi suke so da zaƙi, ko ruwa ka sa wa galas, wato ƙanƙara, da sukari za su sha. Mutanen Maijirgi da ke shigowa da amalanke ranar kasuwa, su da suke noma ayar, ba ka iya yi masu tsararo, mutum zai kurɓa ya dube ka ya ce, "Iya, rijiyar gidanku ba ta ƙafewa ko?" Dangin masu jego suna aiko da bido, jarka guda a cika masu. Daga baya, da ciwon suga da hawan jini suka yawaita, aka fara neman wanda ba sukari, na ƙara da ruwan kankana, da mangwaro a lokacinsa, da gwaba, da karas, duk ɗanye.

Amma mai sayen da zan ba ku labarinta ɗaya ce. Saratu, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ce, mijinta magini ne, ita kuma shara da wanki take yi a gidan haihuwa har ta aje aiki. Tun ina amarya take miƙo kofinta ta kan katanga da hantsi, wani shuɗin kofi mai tsaguwa a baki. Ranar Lahadi sai an taso daga majami'a. Ban taɓa ganin harshe irin nata ba. Ta kurɓa ta ce, "Dije, ayar bara ce wagga." Ta kurɓa ta ce, "Kin canza mai dabino." Kuma haka ne. Watan azumi kuwa ita ce harshena gaba ɗaya. Mai azumi ba ta ɗanɗanawa, ga shi a watan ne ciniki ya fi yawa. Sai in tace da rana in kira ta, ta zagayo, ta kurɓa ta ce a ƙara kaza, a rage kaza. Takan ce, "Ku kuna neman lada, ni ina shan aya. Allah ya maimaita mana." In ce, "Wata rana sai na sa ki biya kuɗin kurɓa." Ta ce, "Ranar zan fara karɓar albashi."

Da injin niƙa ya zo unguwa na bar dutse, sai dai ban bar shi da sakaci ba. Ina idar da sallar asuba nake fita da bokitina, in zama ta farko a layi, tun ƙarfen yana da sanyin dare, tun ba a niƙa hatsin kowa ko tattasan kowa ba. Da hannuna nake wanke masa ciki. Mai injin yana gunaguni, ina wankewa. Haka muka yi shekaru, lafiya lau. Ni a lokacin warin barkono nake gudu. Ban san sanyin ƙarfen nan shi ke ceto na ba.

Sai shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Auta ya dawo daga aiki a Aljeriya da kwali a kafaɗa, ya dire gabana yana murmushi. Ya ce, "Iya, kin huta da layin asuba." Inji ne na kuran, wato wutar lantarki, tulu a sama, wuƙaƙe a gindi, in an danna yana ihu kamar jirgi zai tashi. Yaron nan da guminsa ya sayo mini, da kyakkyawar zuciya. Saratu ba ta nan, ta tafi Mayahi wajen ɗiyarta Rahila da ta haihu.

Aya tauri gare ta. Kafin wuƙaƙen su mayar da ita laushi sai na bar injin yana ta juyawa, in zube, in sake cikawa, in sake bari. Ina tacewa in zuba galas, in ƙulla a leda. A hannu sanyi ƙalau. Da hantsi nake yi, don ina ganin yanzu ba abin da ke koro ni, masu sha kuma sai magariba. Kwana biyu na farko wasu suka ce da ɗan tsami, na ce zafin gari ne. Rana ta huɗu wani ɗan kasuwa ya sa na yi masa mai yawa, sadakar buɗa-baki a masallacin tasha. Aka kira salla, mutane suka fasa leda da haƙori, ledar ta yi huci. Masu haƙuri suka tofar. Waɗanda ƙishirwa ta ci ƙarfinsu suka shanye, cikinsu ya ɗauka, wasu ba su samu tsayuwar asham ba. Kafin gari ya waye an ce Dije ruɓaɓɓiyar aya take saye don araha. Wasu suka ce ruwan tabki nake sawa. Ni kuma na rasa ta inda abin ya shigo. Na canza aya, na canza dabino, na sayi sabon ƙyalle, na wanke randuna da toka. Tsamin yana nan.

Ranar goma ga wata Saratu ta dawo. Ko kaya ba ta kwance ba ta zagayo, ta tarar ina juye tulun injin cikin ƙyalle. Ta ce, "Ba ni nan, tun ba ki sa galas ba." Ta kurɓa. Ta riƙe a baki. Ta haɗiye.

"Dije, kunun ga da ɗumi yake."

Na ce, "Wane irin ɗumi? Ko wuta ban hura ba."

"Kamar nonon da aka tatso yanzu. Taɓa ki ji."

Na tsoma ɗan yatsa, yatsan tsohuwa da ya saba da wahala bai ji komai ba. Sai na ɗora shi bisa leɓena na sama. Nan na ji ɗumin. Nan kuma na gane abin da Inna take yi duk shekarun nan. Ba ɗanɗano take ba, zafi take aunawa, a wurin da fata ta fi laushi. Aya ba ta son ɗumi. Da zarar ta ji shi ta kama hanyar tsami, galas ɗin da za ka zuba daga baya rufe ido ne kawai, ba ya dawo da ita.

Na ɗauki injin na kai shi arewa, bakin murhu. Har yau yana can yana markaɗa tumatir, kuma yana aikinsa da kyau. Amma masu saye sun riga sun tafi. Sauran azumin nan da bayansa, bokitina cike yake fita, kusan cike yake dawowa. Awakina suka yi ƙiba. Shekara biyu na yi kafin direbobin tasha su sake kiran sunana. Cikin shekarun nan biyu shuɗin kofin bai fasa leƙowa ta katanga ba ko rana ɗaya. Abu guda ta roƙe ni. Ta ce, "Ki yi mini alkawari, injin kuran ba zai ƙara taɓa abin da za ki zuba a kofin ga ba." Na ce na yi.

To, bara abu biyu suka zo tare. Hannuwana suka fara ƙi. Gaɓoɓin yatsu suka kumbura, da safe sai na daɗe kafin in iya dunƙule su. Saratu kuma maƙogwaronta ya kama. Aka kai ta asibiti, lokotoro ya duba, ya ba da abin da zai bayar, aka dawo da ita, Rahila ta baro Mayahi ta zo jinya. Tuwo ba ya wucewa. Koko mai zafi yana ƙona ta, fura mai tsami tana ƙona ta. Abin da ke wucewa ba faɗa shi ne kunun aya mai sanyi, ba citta, ba kanumfari, an tace sau biyu. Rabin kofi da hantsi, rabi da azahar, rabi da la'asar. Ba a aje mata na safe ya kai yamma, don kuran yana tafiya yadda ya ga dama, kuma ɗan tsamin da ku ba za ku ji ba ita yana yanka ta. Injin unguwa da rana ya yi zafi, ga shi ɗan abin da zan niƙa mata a cikinsa zai maƙale. Sai na koma dutsen Inna, sau biyu a yini.

Wata Talata da azahar na niƙa, na zuba a ƙyalle, na zo murɗawa, hannun dama ya saki. Ƙullun ya zube cikin yashi. Na sake niƙa wani, hannun ya ƙi kama ƙyallen sam. Hassana tana lakkol. Sau biyu Rahila tana zuwa bakin katanga ta ce, "Iya, Mama tana tambaya." In ce ga shi nan tafe. Ranar nan Saratu ba ta sa komai a ciki ba tun hantsi har Hassana ta dawo gab da magariba. Da muka zauna na ce wa Hassana, "Ranar Asabar za ki raka ni Maradi. Zan karya alkawari."

Na sayar da tunkiyata. Na jiƙa aya tiya guda, na tsince ta sau biyu, na zuba a bokiti da galas, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na Saratu na ranar muka tace da asuba muka bar wa Rahila cikin galas. Ban gaya wa Saratu abin da zai kai ni ba.

Kantin da muka shiga, injuna jere har rufi. Mai kantin wani Alhaji ne, sa'an Auta. Ya ga tsohuwa da bokiti, ya ce, "Iya, ba mu sayen aya nan."

Na ce, "Ni ma ba sayarwa na zo ba, ɗana. Inji nake so, amma sai ya ci aya a gabana."

Ya yi dariya. "In ya ci ai ya zama tsoho. Wa zan sayar wa? Ga hoto a kwali, ga takardar garanti."

"Hoton nan tuffa ce da inabi. A garinmu ba su fitowa. Kai in za ka sayi jaki, a hoto kake saye?"

"Jaki ba ya zuwa a kwali, Iya."

Hassana ta sa baki da faransanci, suka yi ta yi, na ji dai ana ta ambaton injunan da ke kan tebur na nuni. Ya dube ni, ya dubi hannuwana da ke riƙe da bokitin. Ya ce, "Na kan tebur kawai. Kuma ku za ku wanke."

Na farko irin na Auta ne, mai wuƙaƙe. Na ce a gwada shi ma, don in nuna wa Hassana. Na biyu mai faɗin baki ne, a ciki akwai rariyar ƙarfe mai haƙora tana juyawa da gudu. Shi ne wanda Alhaji ya fi yabo. Ya jefa masa karas, kafin in ƙifta ido kofi ya cika. Da muka zuba aya sai ya kama kakkarwa yana tafiya a kan tebur, ruwa kaɗan ya fito da kumfa, dusar ta taru a baya jiƙe sharkaf. Na tsinta na tauna. Zaƙi kamar ba a taɓa ta ba. Na ce, "Wanga awakina zai yi wa aiki, ba ni ba."

Na uku siriri ne, bakinsa ƙarami. A ciki ba wuƙa, sai wani abu mai murɗe-murɗe yana juyawa a hankali, yana tauna kamar raƙumi. Ba ya ihu, gurnani kawai. Sai an ba shi da cokali, aya kaɗan, ruwa kaɗan. Alhaji ya ce, "Wannan sai mai haƙuri. Mutane ba su son shi." Kunun ya fito ta baki ɗaya, dusa ta fito ta ɗayan, a bushe, tana karyewa. Na tauna na tofar. Ƙaiƙayi. Na bar shi ya yi ta aiki har ya ci rabin bokiti, sannan na auna na ƙarshen a leɓe. Sanyin da ya shiga da shi, da shi ya fito. Na mai wuƙaƙe kuwa na sa Hassana ta auna da kanta, ta ji ɗumin a leɓenta.

Alhaji ya ce, "To, a ɗaure?"

Na ce, "Tukuna. Ara mini kofi uku." Na zuba na kowane inji daban, ba galas, na rufe, na tura ƙarƙashin tebur inda rana ba ta kai. Na shimfiɗa ɗankwalina a bakin kanti na zauna.

"Sai yaushe, Iya?"

"Sai la'asar."

"Ikon Allah. Ko mai sayen mota bai taɓa yi mini haka ba."

Kafin la'asar ban zauna banza ba. Irin mai taunar nan kala biyu ne a kantin. Na ce a ba ni in kwance kowanne da kaina, don ranar aiki Hassana ba ta gida. Ɗayan, wanda ya fi kyan gani, murfinsa sai an matsa an murɗa. Na yi, na yi, yatsuna suka ƙi. Ɗayan yana da maɗauri babba da ake bugawa da gindin tafin hannu, ya buɗe. Na ciro rariyar, na wanke ta da ɗan burushinsa, na mayar, sau uku, har hannuna ya san hanya. Na tambaya ko akwai rariyar canji. Ya ce akwai, na ce a sa biyu. Na tambaya in kuran ya tafi fa. Hassana ta karanta gindinsa ta ce wuta kaɗan yake ci, batirin panon gidanmu na hasken rana zai ɗauke shi. Alhaji kuma ya gaya mini gaskiya guda, Allah ya saka masa. Ya ce, "Iya, tsakuwa ɗaya in ta shiga, abin taunar ya tsage. Kuma ki riƙa ba shi hutu, kada ki haɗa masa aikin yini a zama ɗaya." Na ce tsakuwa kam an koya mini ita tun ba a haife shi ba.

Da aka yi la'asar na jawo kofunan. Na ce shi zai fara sha. Ya kurɓi na mai wuƙaƙe ya yamutsa fuska. Na mai gudu ya rabu biyu, ruwa sama, gari ƙasa. Na mai tauna ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya shanye. Ya goge baki ya ce, "Sauran ayar bokitin fa, da ita za ku koma?" Na bar masa.

To ga amsarku, ɗiyana. In kankana da karas za ku matse a bakin tasha, mutum yana tsaye ya sha ya wuce, mai gudun zai yi maku. In aya ce, in kuma abin zai jira mai shansa, ku nemi mai tauna, ku yi haƙuri da jinkirinsa. Kada ku saya a kwali. Ku tafi da kayanku, ku tauna dusa, ku auna ɗumi, ku zauna har la'asar ko mai kanti zai yi maku dariya. Wadda za ta wanke shi kullum ita za ta kwance shi a kanti, ba mijinta ba. Tsinta da wanki da jiƙo kuma ba injin da zai yi maku.

Ni dai duk wannan gwajin bai gama mini komai ba, don mai hukuncin tana bayan katanga. Washegari Lahadi, da hantsi, na aza injin a rumfar Inna, na ba shi aya da cokali, na ƙara bi da kunun ta ƙyalle ba tare da murɗawa ba. Na zuba a shuɗin kofin. Ban miƙa ta katanga ba, na zagaya da kaina.

Tana kwance a tabarma a inuwar ɗakinta, an tafi majami'a an bar ta da Rahila. Ta rame har zoben hannunta yana yawo. Rahila ta tallafe ta ta zauna. Na miƙa mata kofin na zauna a bakin tabarmar. Ta kurɓa kaɗan, ta riƙe a baki yadda ta saba, ta rufe ido ta haɗiye. Muna kallon maƙogwaronta. Ta sake kurɓa.

"Ba tsami," in ji ta. Muryar ta zama siririya.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Dije."

"Na'am."

"Yau ban ji dutse ba. Kullum ina nan kwance ina jin shi ta katanga. Yau wani abu na ji yana gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi."

Na ce, "Inji ne. Na kuran. Na karya alkawarin da na yi miki."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Mu ga hannun."

Na ce ba komai a hannun. Ta ce, "Ni za ki ɓoye wa? Kawo." Na miƙa. Ta juya shi, ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta.

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Tun damina kike durƙusawa a dutse da wanga hannu, ni ina nan ina sha ina cewa a ƙara dabino." Ta juya wajen ɗiyarta. "Rahila, ɗauko man kaɗanya a taga."

Na ce, "Ke ce marar lafiya, ba ni ba."

"Rufe mini baki. Alkawarin nawa ne, na kwance shi. Da kin tambaye ni tun damina da na kwance."

Rahila ta kawo man. Saratu ta lakata, ta ɗora hannuna bisa gwiwarta tana shafawa da na hagu, kofin yana na dama. Ta shafa ta kurɓa, ta shafa ta kurɓa. Rabi ta saba sha ta ture. Rahila ta miƙo hannu za ta karɓa, ta ce a bar mata abinta. Ba ta saki hannuna ba sai da kofin ya ƙare.